A Kashe Marar Inuwa

"Da kunnenta ta ji, Auta. Ba gulma aka kai mata ba balle mu ce sharrin maƙiya ne. Da kunnenta!"

Umma ce ke maganar, tana goge ido da bakin mayafi. Auta na zaune a ƙasa daf da ƙafafunta, ta haɗa kai da gwiwa. Yaya kuwa ya ƙi zama, ya tokare ƙofar falo yana kaɗa makullin mota.

"Umma, sau nawa zan faɗa? Aiki nake yi."

"Aiki!" Yaya ya yi wata dariya marar daɗi. "Ni guga na ce ki riƙa yi min a shago, ban ce ki riƙa fito min da muryar ƙarti daga maƙogwaro ba."

Abin da ya faru ba shi da wani tsawo, a bakin mutane ne ya yi tsawo.

Shekara uku ke nan Auta na rubuta wani labari, duk sati tana sakar wa masu karatunta babi ɗaya ta waya. Labarin wani aljani ne da ake kira Marar Inuwa, wanda ya kamu da son 'yar mutane. Ita kuma 'yar mutanen, don tsabar ƙaddara, fitilu take sayarwa. Duk sanda ya matso shagonta haske ke neman tona masa asiri, don kowa da inuwarsa a jikin bango ban da shi.

Auta kuma tana da wata ɗabi'a in tana rubutu. Ba ta yarda ta sa layi a takarda sai ta faɗe shi da baki ta ji yadda ya zauna a kunne. Maganar Mai Fitila da muryarta take yi. In ta zo kan ta Marar Inuwa sai ta sauke haɓa, ta janyo murya daga can ƙasan ƙirji. A ɗakin baya na shagon wanki da guga take wannan sana'a, dutsen guga a hannun dama, littafin rubutu a kan kanta tsakanin robar sitati da tarin hanga.

Ranar Litinin da hantsi, Hajiya, mahaifiyar Dogo mai yankan gilashi, ta ɗauko zannuwan gado biyu waɗanda ko datti ba su yi ba ta nufo shagon. So take ta ga yarinyar da ɗanta ya hana ta sakat a kanta, ta gan ta yadda take ba tare da ta shirya ba. Ta tarar ba kowa a gaba. Sai ta ji muryar namiji daga bayan labule, a nitse, yana cewa:

"Shekara ɗari huɗu ban taɓa hassadar kowa ba, sai yau da na ga inuwarki ta bi ki har ɗaki, ni an bar ni a ƙofa."

Hajiya ta yaye labule da niyyar kama namiji. Ba ta ga kowa ba sai Auta ita kaɗai, ido a rufe, hawaye na zuba, muryar na fita daga bakinta.

Ko zannuwan ba ta tsaya ɗauka ba. Kafin la'asar saƙo ya iso gidan su Auta: a dakata da maganar aure.

"Yanzu ki buɗe kunne ki ji," in ji Yaya. "Dakta ya same ni jiya."

Dakta abokinsa ne, mai kantin magani a bakin titi. Bai taɓa duba majinyaci ba, sunan ne kawai ya bi shi, shi kuma bai taɓa ƙin amsawa ba.

"Ya ce duk abin da ake faɗa ya ji, kuma ko a jikinsa. Yana son ki a hakan. Abu ɗaya ya roƙa, a tattara littattafan nan a ƙyasta musu ashana."

"A hakan?" Auta ta ɗago. "A wane hakan, Yaya? Ni fasasshen kwano ce da za a ɗauke ni a hakan?"

"Ki iya bakinki."

"Mutumin da ya zo wajena sau biyu, sau biyun duk labarin hawan jini ya yi min? Na tambaye shi littafin da ya fi so, ya ce shi takardar cikin kwalin magani ta ishe shi!"

Dariya ta taso wa Umma, ta danne ta da tari.

"Auta," ta ce a hankali, "ba mai yi miki dole, ke ba yarinya ba ce. Amma ki tausaya min. Jiya na shiga kanti, mata biyu suka dare suka ba ni hanya kamar mai cuta. Ki ajiye rubutun nan ko na shekara guda ne, 'yar nan."

"Umma, Dogo nake so, rubutu kuma ba zan bari ba."

"Taura biyu ba ta taunuwa," in ji Yaya. "Na ba ki zuwa Asabar. In mutanen Dogo ba su waiwayo ba, zan ce wa Dakta ya dawo. Sai ki kore shi da bakinki a gaban Umma, in kina da zuciyar ƙara sa ta kuka."

Ya fita ya bugo ƙofa. Auta ta ƙirga a ranta: kwana huɗu.

*

Washegari da azahar Dogo ya shigo shagon wanki. Hannayensa duk tabon yankan gilashi ne, tef ɗin awo na rataye a ƙugunsa. Tun ranar da abin ya faru ba ta sa shi a ido ba.

"Sannu da aiki, Malama." Haka yake kiranta tun ranar da suka fara haɗuwa.

"Yau ka tuna hanya?"

"Hanyar ce ta yi ƙaya."

Ya jingina da kanta yana wasa da wata hanga, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na yi wa Hajiya bayani har yawuna ya ƙafe. Na ce mata littafi ne kike rubutawa. Ta ce to madalla, in littafi ne ai abin ya zo da sauƙi."

"Ta yarda?" Zuciyar Auta ta yi tsalle.

"Ta kafa sharaɗi." Ya jujjuya hangar a hannunsa. "Ta ce ki kashe shi."

"In kashe wa?"

"Marar Inuwa. Ki rubuta mutuwarsa, ki zo ki karanta a gabanta. Ta ce in takarda ne kawai, hannunki ba zai yi rawa ba. In kuwa kin kasa, to shi ne ya riƙe hannun."

Auta ta kife dutsen guga a mazauninsa. Tururi ya taso tsakaninsu.

"Kai kuma me ka ce mata?"

"Na ce za ki yi."

"Ka ce zan yi."

"Haba Malama, tawada ce fa da takarda! Ki kashe shi yau, in an ɗaura ki ƙirƙiro wani. Goma ma in kina so, ni zan sayo miki biron."

Ta kalle shi. Sannan ta ce:

"Ka san inda aka haife shi? A asibiti, gado na huɗu daga taga. Lokacin da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya mutu, likita ya ce mu riƙa yi masa hira. Kowa ya yi kwana uku ya gaji, don maganar da ba amsa nauyi gare ta. Ni sai na fara ba shi labari ina amsa wa kaina. In na yi muryar Marar Inuwa yana mita, wai shi bai ga wautar da ta kai ta ɗan Adam ba, ya dafa shayi da kansa sannan ya zauna yana hura shi, sai in ga gefen bakin Baba ɗaya ya ɗaga. Dariyarsa ke nan, ita kaɗai ta rage masa. Wata biyar muka yi a haka, Dogo."

Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba.

"Ranar da Baba ya cika, kowa ya samu wanda zai riƙe. Umma ta riƙe Yaya. Ni shi na samu. Shi ne yau kake ce min tawada?"

"Allah ya ji ƙan Baba," in ji Dogo, murya a dashe. "Amma ni fa? Ga ni tsaye a gabanki da jinina da tsokata, inuwa kuwa har ta yi min yawa. Shekara biyu ina bin uwata da lallashi. Yau ta buɗe ƙofa ɗaya tak, ke kuma kin tsaya a bakinta kina makokin wanda ba a taɓa haifa ba."

"Wato in zaɓa."

"Ban ce ki zaɓa ba."

"Ka ce mana, kunya ce ta hana ka ƙarasawa. Kai fa ka karanta shi tun daga farko, ka san shi. Ba kai ka ce min babin da ya ɗauke ta ya tsallakar da ita gada ya yi daɗi ba? Tsakani da Allah, ka ga ya yi laifin da za a kashe shi?"

Dogo ya kau da kai wajen titi.

"Duk sun yi daɗi," ya ce. Ya ajiye hangar. "Juma'a da yamma take jiran ki. Don Allah, Malama, kada ki zo hannu rabbana."

*

Ta gwada, kada ma wani ya ce ba ta gwada ba.

Ranar Alhamis tun safe ta ja labule, ta jera rigunan mutane, ta fara neman hanyar kisa. Ta jefa shi a kogi. Da ta faɗi layin da baki sai ita kanta ta ji kunya, aljanin da ta rubuta da hannunta cewa ya shekara saba'in a ƙasan rijiya, shi ruwa zai ci? Ta tara masa dukan fitilun shagon masoyiyarsa su ƙone shi. Ta sa danginsa su yanke masa hukunci. Ta yaga shafi shida.

Duk layin da ta furta sai ya faɗo ƙasa tim, kamar jiƙaƙƙen bargo.

Can wajen la'asar ta zauna a kan buhun kayan wanki, ta gane abin da ke damun ta. Ba mai riƙe mata hannu. Ƙarya ce kawai kunnenta ya ƙi karɓa. Wata rana Marar Inuwa zai iya mutuwa, in labarin ya kai shi can da ƙafarsa, kuma ranar za ta yi kuka ta rubuta. Amma ba za ta yanka shi don a ba ta shaidar lafiya ba. In ta fara shiga gidan miji da ƙarya a hannu, da me za ta zauna a ciki?

Ta miƙe ta ɗauko zannuwan Hajiya ta wanke su tas, ta goge su har suna ɗaukar ido. Sannan ta jera littattafanta goma sha ɗaya a jaka.

*

Falon Hajiya tsaf yake, ko'ina aikin hannun ɗanta ne: kabad mai gilashi, teburin gilashi, dogon madubi a bayan ƙofa. Hajiya ta zauna a kujerar da ta fi nisa, leɓenta na motsi da addu'a. Dogo na rakuɓe a kan wata 'yar kujera a bakin ƙofa.

Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta tura zannuwan gabanta.

"Kin kawo?" in ji Hajiya.

"Na kawo zannuwanki, Hajiya. Mutuwar ce ban kawo ba."

Hajiya ta juya ta kalli ɗanta. "To, ka ji da kunnenka. Ruwa ba ya tsami banza."

Dogo ya dafe kai.

"Hajiya, ki ara min kunnenki kaɗan," in ji Auta. "In na gama kika ce in tashi, wallahi ba za ki ƙara ganin ƙafata ba."

Ba ta jira izini ba. Ta sauke haɓa, ta ɗan karkace kafaɗa, ta ce:

"Hajiya, wannan tagar inci talatin da biyu ce. Duk wanda ya ce miki talatin, da igiyar wando ya auna."

Hajiya ta zabura ta kalli Dogo. Bakinsa a rufe yake, amma muryarsa ce sak, har da 'yar shaƙewar hancin.

"Wannan Dogo ke nan," in ji Auta da muryarta. "Yanzu ki yafe min abin da zan yi. In kin kira shi a waya yana shagonmu, ana jiyo ki har wajen injin wanki."

Ta ɗaga hanci, ta tsuke baki, ta saki wata siririyar murya mai kaifi:

"Kai Dogo! Tsawo kamar falwaya, hankali kamar na kaza! Sau nawa zan ce maka in za ka shigo min ka kakkaɓe garin gilashin nan, so kake ka yanka min ƙafa in mutu ka huta?"

Dogo ya zaro ido yana kallon uwarsa.

Sai wani sauti ya ƙwace daga hancin Hajiya. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Ja'ira!" ta ce. "Ja'irar yarinya! Haka nake magana?"

"Ko ba kya nan haka kike, Hajiya," in ji Dogo can ƙasa-ƙasa.

"Rufe min baki!"

"In aljani ne ke magana a bakina," in ji Auta, "to Dogo aljani ne, ke ma kuma, Allah ya ba ki haƙuri, kina cikinsu. Kunne Allah ya ba ni da maƙogwaro, shi ke nan. Da su nake aiki, kamar yadda ɗanki ke aiki da tef."

Hajiya ta goge ƙwallar dariya. A hankali fuskarta ta koma yadda take, har ta fi ɗazu nauyi.

"Gani ya kori ji," ta ce. "Na yarda ba kowa a kanki. Amma ƙaramin tsoron kika cire min, babban yana nan."

"Wanne ne, Hajiya?"

"Hawayenki. Na gan su ranar nan. Ni nan na zauna da uban yaran nan shekara goma sha biyu, ban taɓa jin maganar da ta sa ni irin wannan kuka ba. Macen da zancen takarda ke narkar da ita haka, me za ta yi da ɗana? Da me zai riƙe ki?"

"Ai Dogo ya san rubutuna. Duk babin da na saki sai ya karanta ya..."

"Bai karanta ba."

"Hajiya," in ji Dogo. Ya miƙe tsaye. "Don girman Allah."

"Zauna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ta ji a ɗakina da ta ji a ɗakinka." Ta juyo ga Auta, idonta ya kaɗa. "Yana aji uku na firamare ubansa ya rasu ya bar min biyar, shi ne babba. Ni da hannuna na cire shi daga makaranta na kai shi wajen mai gilashi. Lamba ya sani, awo kuwa ko injiniya ba ya kama ƙafarsa. Amma ki ba shi layi biyu na rubutu ki ga gumi. Ƙanwarsa ce ke karanta abin da kike saki, ta gutsura masa labarin, shi kuma ya zo ya ce miki ya yi daɗi."

Abubuwa suka riƙa dawo wa Auta ɗaya bayan ɗaya. Duk saƙon da ya taɓa turo mata na murya ne. In suka ga allo a hanya sai ya ce idonsa na yaji, ta duba masa.

Ta waiwaya. Kujerar bakin ƙofa ba kowa, labule ne kawai ke kaɗawa.

Hajiya ta fashe da kuka.

"Kin ga abin da nake gudu. Da na ji muryar nan a shagonku na tsorata, ba ƙarya. Amma da na dawo gida, Allah ya yafe min, har wani sanyi na ji, na ce ga dalili ya samu da ba zai tona yarona ba. Ba na so wata rana ki kalle shi ki ga jahili. Laifina ne, ba nasa ba."

Auta ta matsa ta dafa gwiwarta. "Hajiya, kin ciyar da biyar. Wa zai kira wannan laifi?"

"Bar lallashi na, ba ni ce abin ji ba." Ta share fuska. "Yana shago, nan yake gudu tun yana ƙarami. Na janye maganar kisa, ki bar aljaninki ya sha iska. Ga sharaɗina na gaskiya: in ya iya ɗaga kai ya kalli tsabar idonki bayan kin sani, ku dawo min tare, gobe da safe in aika gidanku. In kuwa ya kasa, ki haƙura da shi, 'yata. Auren da miji ke sunkuyar da kai a cikinsa ba ya zuwa ko'ina."

Auta ta saɓi jakarta.

*

Shagon gilashin na bayan layi biyu. Madubai ne jingine a kowane bango, manya da ƙanana, a tsakiya kuma faffaɗan teburin yanka da aka shimfiɗa wa tsohon bargo. Dogo ya ba ƙofa baya, ya duƙufa a kan wani falle yana jan abin yanka, ƙiii, a jikin doguwar rula.

Wurin ɓuya dai bai iya zaɓe ba. Daga inda take tsaye tana ganin fuskarsa a madubi biyar.

"Ki tafi, Malama."

"Ban zo tafiya ba."

"Dakta ya fi dacewa da ke. Shi ko ba komai ya san baƙi."

"In ka ƙara kira min sunansa sai na fasa maka madubi ɗaya, kuma babban zan zaɓa." Ta ajiye jakar. "Ka saurare ni da kyau. Rashin karatunka ko ƙwayar zarra bai taɓa min zuciya ba. Ƙaryar ce ta ƙona ni. Har wasiƙa na rubuta maka, na ba ka hannu da hannu!"

Hannunsa ya tsaya. Ya taɓa aljihun gaban rigarsa.

"Tana nan. Wata takwas. Ita ban ba ƙanwata ba, na ce wannan ba ta kunnen kowa ba ce." Ya danne aljihun da tafin hannu. "Har yau ban san me ke ciki ba."

Auta ta dafe baki. Kuka da dariya suka haɗe mata.

"Amsarka ce a ciki, wawan Allah! Shi ya sa ka yi ta tambaya ta ko na amince, ni kuma ina jin haushi ina cewa ai na riga na ba ka!"

Kafaɗarsa ta motsa, amma bai juyo ba.

"Juyo ka kalle ni, Dogo."

"Ba zan iya ba."

"Hajiya ta ce in ka kalle ni, gobe za ta aika gidanmu. Gobe Asabar, ka san abin da Yaya ya ce."

"Na ce miki ba zan iya ba! Duk sanda na kalle ki yanzu, zan ga kina tausayi na. Gara min ki tsane ni."

Ta ƙara roƙo, ya yi kunnen uwar shegu, ya ci gaba da jan abin yankansa a inda ya riga ya yanka.

To, Auta ba ta iya komawa da baya ba. Ta janyo wani benci, ta kakkaɓe shi, ta zauna. Ta zaro littafi na ɗaya, wanda bangonsa ya sha tururi har ya nannaɗe.

"Shekara biyu kana ce min ya yi daɗi. Yau sai ka ji abin da kake yabo."

Ta fara karantawa da ƙarfi, ƙofa a wangale. Ta karanta yadda Marar Inuwa ya fara shiga shagon fitilu. Da ta zo kan maganarsa ta sauke haɓa, muryar nan ta cika shagon har gilasai na amsawa. Mai gyaran keke na maƙwabta ya leƙo, wasu mata biyu suka ja birki a bakin ƙofa suna zaro ido. Ko gezau ba ta yi ba.

"Sai ya tsaya a tsakiyar shagon," ta karanta, "ya ce: Ya ke ma'abociyar haske, na ratsa duwatsu bakwai da tekuna bakwai, na ga taurari suna haihuwa suna mutuwa, ban taɓa ganin..."

"Ƙarya ne."

Ta tsaya. "Me ka ce?"

"Na ce ƙarya yake. Ko kuma ke kika yi masa ƙarya."

"Kai, Dogo! Babin da mutane suka haddace?"

"Su haddace mana, ba su taɓa ɓoye komai ba ne. Mutumin da ya shigo yana tsoron a gane ba shi da inuwa, shi ne zai tsaya a tsakiyar haske yana zuba kamar rediyo? Bango zai bi! Zai lallaɓa ya tsaya inda inuwar wani ta faɗi, ya are ta. Ba zai yarda ta yi masa tambaya biyu a jere ba. Zai nuna fitilar da ta fi kusa da ƙofa, ko ba ya buƙatar ta, ya ce wannan ta yi kyau, ya karɓa ya gudu. In ya isa gida ya zauna yana zagin kansa, gobe kuma ya sake dawowa. Haka ake yi!"

Yana huci ya ƙarasa, abin yanka a hannu yana nuna ta da shi.

Auta ta zuba masa ido, hawaye na bin kumatunta. Shekara uku ba wanda ya taɓa sa mata baki a kan Marar Inuwa ta ƙyale shi. Ta zaro biro daga gashinta, ta ja dogon layi tun daga saman shafin har ƙasa, duwatsun da tekunan duk suka tafi.

"Maimaita min daga wajen aron inuwar," ta ce. "A hankali, ina rubutawa."

"Na ce zai lallaɓa ya..."

Sai yanzu ya lura teburin yanka na bayansa, idonsa kuma na cikin nata tun ɗazu. Ya nemi tausayin da yake tsoro a fuskarta, bai samu ba. Abin da ya gani marubuciya ce da ta tsinci abin da ta daɗe tana nema, tana jira ya ƙarasa mata.

"Ka juyo fa," ta ce.

"Na gani." Ya goge fuska da bayan hannu, bai sauke ido ba.

"To rufe shagon, Hajiya na jira."

Ya ɗauko kwaɗo da makulli, ya zo daidai ita ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Malama, tsaya tukuna. Da ya karɓi fitilar ya gudu, ita ta bi shi?"

Auta ta rufe littafin, ta cusa shi a jaka, ta rataya masa jakar a kafaɗa.

"Babi ɗari da arba'in ne, Dogo. Na farko kawai ake ji a shago. Sauran sai a gidan mijina."